Daga Naira 615,000 Zuwa 70,000: Yadda Ake Cinikin Albashi, Da Inda Yarjejeniya Ke Warwarewa

Da misalin ƙarfe biyu na daren wayewar garin Litinin, 3 ga Yuni, 2024, ma'aikatan lantarki suka kashe babban layin wutar ƙasa. Kafin hantsi ya dubi ludayi an garƙame ƙofofin Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da na Majalisar Tarayya a Abuja, jirage sun tsaya cak a filayen Legas da Abuja, fasinjoji na zaune kan jakunkunansu. A daren ranar, shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, Joe Ajaero da Festus Osifo, suka zauna da wakilan gwamnati a ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume. Takardar da suka fito da ita gajeruwa ce: Shugaban Ƙasa ya amince mafi ƙarancin albashi zai haura naira 60,000, kwamiti zai riƙa zama kullum har mako guda, kuma ba za a hukunta kowa saboda shiga yajin aiki ba. Washegari aka sassauta yajin.

Abin da zaman wata huɗu bai motsa ba, yajin aikin da bai cika kwana biyu ba ya motsa shi. Wannan ne darasin da kowa ya ɗauka a lokacin, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai wanda ya bi sawun kuɗin har zuwa takardar albashin ma'aikaci zai tarar cewa adadin da aka yi ta kai ruwa rana a kansa shi ne ƙaramin ɓangaren lamarin. Ranar da biyan zai soma, wanda zai biya, rabon waɗanda ke sama da matakin farko, da wanda zai tsaya ya ga an cika alkawari: a nan ake cin riba, a nan kuma ake yin asara, galibi bayan 'yan jarida sun naɗe kayansu sun tafi.

Tayi da albarka

Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya ƙaddamar da kwamitin ɓangarori uku mai mutum 37 ranar 30 ga Janairu, 2024, ƙarƙashin jagorancin tsohon Shugaban Ma'aikatan Tarayya, Bukar Goni Aji. Ɓangarorin su ne gwamnati (tarayya da jihohi), ƙungiyoyin ƙwadago, da masu kamfanoni. Dokar 2019 mai naira 30,000 ta tanadi a sake duba albashin bayan shekara biyar, wato Afrilun 2024, don haka tun daga ranar farko kwamitin yana da ƙasa da wata uku a hannunsa.

'Yan ƙwadago suka buɗe ciniki da naira 615,000. Sun kuma kawo lissafin yadda suka kai ga hakan, bisa buƙatun iyali mai mutum shida: naira 9,000 ta abinci a rana, wato 270,000 a wata, da 110,000 ta sufuri, sauran kuma haya, wuta, makaranta, magani da sutura. Gwamnati ta taya naira 48,000, masu kamfanoni suka ce 54,000. Wakilan ma'aikata suka tashi suka bar zaman a tsakiyar watan Mayu.

Duk wanda ya taɓa sayen rago a jajibirin Sallah ya san wannan wasan. Mai kaya ya kan tsawwala, mai saye ya kan yi tayin da shi kansa ya san ba za a sallama ba, a ce masa albarka, ya yi kamar zai tafi, dillali ya janyo shi. Haka aka yi ta yi: gwamnati ta hau 54,000, ta hau 57,000, ta hau 60,000, ƙwadago suka sauko 500,000, suka sauko 497,000, suka tsaya a 494,000. Bambancinsa da cinikin rago shi ne a kasuwa mai saye na iya wucewa turken gaba, mai kaya kuma na iya jiran wani. Gwamnati ba ta da wasu ma'aikatan da za ta koma wa, ma'aikata kuma ba su da wata gwamnatin.

Za a iya cewa kowane ɓangare ya yi wa kansa illa da adadin da ya fara furtawa. Naira 615,000 ta fi abin da ma'aikata da yawa a manyan matakai ke karɓa, saboda haka ta bai wa gwamnati damar nuna wa jama'a cewa 'yan ƙwadago ba da gaske suke ba. Ta kuma ɗaga wa ma'aikata buri, har 70,000 ta zo musu kamar faɗuwa. Naira 48,000 kuwa, a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 33 cikin 100, ta abinci kuma ta kai kashi 40, ta zama tamkar cin fuska. Tun daga ranar aka daina gardama kan lissafi, aka koma gwada ƙwanji.

Bayan yajin aikin, gwamnati da masu kamfanoni suka haɗu a kan 62,000, ƙwadago suka sauko 250,000. Kwamitin ya miƙa rahoto da adadi biyu, alamar cewa bai iya raba gardamar ba. Gwamnoni kuma, ta bakin ƙungiyarsu, sun riga sun ce ko 60,000 ɗin ba za ta ɗore ba, domin jihohi da dama za su ƙarar da kasonsu na wata-wata a kan albashi kaɗai. Daga ƙarshe a Fadar Shugaban Ƙasa aka ƙulla ciniki, a zama biyu da Bola Tinubu, ranar 11 da ranar 18 ga Yuli: naira 70,000, tare da rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. Majalisa ta zartar da ƙudirin cikin gaggawa, Shugaban Ƙasa ya sa hannu ranar 29 ga Yuli, kwana uku kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta. Kusancin ranakun biyu ba abu ne da mai lura zai tsallake ba.

Abin da ba a rubuta ba

Mako biyar da sa hannu, a farkon Satumba, farashin fetur a gidajen man NNPC na Abuja ya tashi daga naira 617 zuwa 897. NLC ta ce an ci amanarta. Ajaero ya bayyana cewa a zaman fadar an ba su zaɓi tsakanin albashi mai tsoka tare da ƙarin kuɗin mai, ko kuma 70,000 farashin mai ya tsaya yadda yake, su kuma suka zaɓi na biyun. Fadar Shugaban Ƙasa ta musanta cewa an yi irin wannan alkawari. Babu takarda mai sa hannu da wani ɓangare ya fito da ita ya kashe bakin ɗayan.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. A 2019, naira 30,000 na sayen lita 206 ta fetur a kan 145. A watan Yulin 2024, naira 70,000 na sayen lita 113. Bayan ƙarin Satumba ta koma lita 78. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a cinikin, idan har an yi shi, da baki aka yi shi.

Ko abin da aka rubuta ma, yadda aka rubuta shi na iya zama tushen wata rigimar. A jawabinsa na 1 ga Oktoba, 2023, Tinubu ya yi shelar ƙarin naira 25,000 na wucin gadi ga ƙananan ma'aikata, na tsawon wata shida, domin rage raɗaɗin cire tallafin mai. Da ƙwadago suka matsa da barazanar yajin aiki, aka ɗaga shi zuwa 35,000 ga dukan ma'aikatan da ake biya daga baitulmalin tarayya. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 2 ga Oktoba ta ɗaure biyan da lokacin da sabon mafi ƙarancin albashi zai zama doka. Wa'adi biyu kenan ga kuɗi ɗaya: wata shida a jawabi, zuwan sabuwar doka a takarda. Da wata shida suka cika, kuɗin ya tsaya. Watanni biyar da suka rage suka zama bashi, kuma sai a 2025 Ofishin Akanta Janar ya soma biyansa da guntu-guntu. Naira 175,000 ce ga kowane ma'aikaci, kuma darajarta ranar da ta shigo hannu ba ita ce darajarta ranar da ya kamata ta shigo ba.

Ranar soma aiki da sabon albashin ma ta sha irin wannan juyi. A bikin Ranar Ma'aikata na 2024, Ƙaramar Ministar Ƙwadago Nkeiruka Onyejeocha ta ce duk abin da aka amince a kai zai fara aiki daga 1 ga Mayu. Da kwamitin daidaita albashin sauran matakai ya kammala aikinsa a watan Satumba, ƙarƙashin Shugabar Ma'aikatan Tarayya Didi Walson-Jack, ranar da aka tsayar ita ce 29 ga Yuli. Tsakanin ranakun biyu akwai ariyas ɗin kusan wata uku da babu wanda ya karɓa.

Rigimar da ta fi shafar mai mataki na 08

Mafi yawan ma'aikatan tarayya ba sa kan mafi ƙarancin albashi. Abin da ya dame su shi ne daidaitawar da ke biyo baya, wato nawa za a ƙara wa kowane mataki don kada masinja ya kamo jami'in da ke sama da shi. Doka ba ta fayyace wannan ba. Da tattaunawa ake samar da shi, tsakanin gwamnati da majalisar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati, sannan Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa ta fitar da jadawali.

Shekarar 2019 ta nuna yadda wannan zagaye na biyu ke iya fin na farko zafi. Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar naira 30,000 ranar 18 ga Afrilu. Ma'aikata suka yi murna, suka zauna jiran alat. Wata shida cur aka shafe ana ja-in-ja. Ƙwadago na neman kashi 29 ga matakai na 07 zuwa 14 da kashi 24 ga na 15 zuwa 17. Gwamnati na tayin kashi 11 da kashi 6.5. Sai a tsakiyar Oktoba, bayan wa'adin yajin aiki da zaman da ya kai tsakar dare a ƙarƙashin Ministan Ƙwadago Chris Ngige, aka daidaita: kashi 23.2 ga mataki na 07, kashi 20 ga na 08, kashi 19 ga na 09, kashi 16 ga na 10 zuwa 14, kashi 14 ga na 15 zuwa 17.

Abin lura a nan shi ne yadda aka warware ƙullin. Muddin ana magana a kan rukuni biyu masu faɗi, kowane kashi ɗaya da gwamnati ta ƙara yana nufin biliyoyin naira, don haka ta ƙi motsi. Da aka tsinka rukunin zuwa gida biyar, aka samu inda kowa zai sassauta: ƙananan jami'ai suka samu kusa da abin da ƙungiyoyi suka nema, manya suka samu ƙasa da haka, jimillar kuɗin kuma ta tsaya inda baitulmali zai iya ɗauka. Dabara ce da ta dace hadiman da ke rubuta wa minista ko babban sakatare taƙaitaccen bayani kafin zama su riƙe: idan adadi ɗaya ya cije, a raba shi gida-gida, ko a shigo da abin da ba adadi ba, kamar ranar farawa, tsarin biyan ariyas, ko tsawon wa'adin sake dubawa. Rage shekara biyar zuwa uku a 2024 daga cikin irin wannan ne, kuma shi ya bai wa shugabannin ƙwadago abin da za su nuna wa mabiyansu.

Hanyar da doka ta shimfiɗa

Dokar Sasanta Rikicin Ma'aikata ta 1976 ta tsara matakai daki-daki. Ɓangarorin su fara bin hanyar sulhun da suka amince da ita a tsakaninsu. Idan ta gaza, su zaɓi mai shiga tsakani cikin kwana bakwai. Idan shi ma bai yi nasara ba, a kai rahoto ga Ministan Ƙwadago, wanda zai iya naɗa mai sasantawa, ko ya tura batun ga kwamitin yanke hukunci kan rikicin ma'aikata, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Muddin ana cikin waɗannan matakai, doka ta hana yajin aiki, ta kuma hana mai wurin aiki kulle ƙofa. Sashe na 43 shi ne tushen ƙa'idar nan ta "ba aiki, ba albashi". Gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata zuwa sahun manyan kotuna, ya ba ta hurumin fassara yarjejeniyoyin da aka ƙulla tsakanin ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki.

Tsari ne mai ma'ana idan rigimar tsakanin kamfani ne da ma'aikatansa. Tangarɗar tana fitowa ne idan gwamnati ce mai biyan albashin, domin ministan da doka ta ɗora wa sasantawa ɗan majalisar zartarwar gwamnatin da ake rigima da ita ne. Alƙalin wasa ne sanye da rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Shi ya sa 'yan ƙwadago kan ɗauki zuwa kotu a matsayin makamin gwamnati, gwamnati kuma kan tuna da kotun ne ana jajibirin yajin aiki, kamar yadda ta samu umarnin hana NLC da TUC tafiya yaji a watan Yunin 2023.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya nuna iyakar abin da umarnin kotu ke iya yi. ASUU ta ajiye alli ranar 14 ga Fabrairu. Kotun Ma'aikata ta umarce ta da komawa aiki ranar 21 ga Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada hakan, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya shiga tsakani, aka janye yajin ranar 14 ga Oktoba, bayan wata takwas. Azuzuwa sun buɗe, amma albashin da aka riƙe ya zama sabuwar rigima a kan tsohuwa, har sai da Tinubu ya amince a biya na wata huɗu a Oktoban 2023. Ita kuwa yarjejeniyar 2009 da ke ƙarƙashin komai, sake tattauna ta ya ratsa hannun kwamitin Wale Babalakin, na Munzali Jibril, na Nimi Briggs, har zuwa na Yayale Ahmed. Kwamiti ya kan cimma matsaya da ƙungiya, ya miƙa daftari, sannan a gano cewa masu riƙe da lalitar gwamnati ba su amince da adadin ba. Wakilin da ba shi da ikon cewa "na sallama" ɓata lokacin kowa yake yi, kuma tambayar farko da ya kamata kowane ɓangare ya yi wa ɗayan kafin a buɗe fayil ita ce: wa ya aiko ka, kuma har ina aka ba ka izinin zuwa?

Wanda ya sa hannu da wanda zai biya

Mafi ƙarancin albashi yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma jihohi da ƙananan hukumomi da kamfanoni ne ke biyan mafi yawan masu karɓarsa. Wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba ma doka ta ɗauke musu. Bayan Yulin 2024 kowace jiha ta sake buɗe nata cinikin: Legas da Ribas suka tsaya a 85,000, Neja 80,000, Kebbi 75,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga inda igiyar ta tsinke. A nan Babban Birnin Tarayya, malaman firamare da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi shida sun shiga yajin aiki a ƙarshen Maris na 2025 saboda rashin biyansu sabon albashin da ariyas ɗinsa, wata takwas bayan dokar ta fara aiki, kuma 'yan kilomitoci kaɗan daga fadar da aka ƙulla cinikin. Yara sun zauna a gida fiye da wata uku. Abin da ya kawo ƙarshensa a watan Yuli shi ne nuna takamaiman inda kuɗin zai fito: Ministan Abuja Nyesom Wike ya shiga tsakani, aka amince a yi amfani da kashi 10 na kuɗin shigar da ake ware wa ƙananan hukumomin, na wata shida, wajen rage bashin. An yi zama da alkawura kafin wannan, babu wanda ya riƙe.

A matakin ofis ma haka abin yake, sai dai babu kyamara. Ma'aikacin da ke bin ariyas ɗin ƙarin girma, ko wanda aka yanke wa kuɗi a IPPIS ba bayani, ko hadimin da alawus ɗinsa ya maƙale, ya kan fi samun biyan buƙata idan kokensa na ɗauke da lambar takardar da ta ba shi haƙƙin, ranar da haƙƙin ya fara, da adadin da yake bi, ya kuma bi ta hannun shugaban sashensa kamar yadda ƙa'idojin aikin gwamnati suka tanada, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Alkawarin da darakta ya yi a baranda ya kan bi shi idan aka yi masa canjin wurin aiki. Hadiman siyasa sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin aikinsu na ƙarewa ne da wa'adin maigidansu, kuma bashin da ba ya cikin fayil kafin ranar miƙa mulki da wuya magaji ya amsa shi. Idan hanyar cikin gida ta toshe, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai kuma cibiyar sulhu ta Kotun Ma'aikata, wadda aka kafa a 2015 domin a sasanta ba tare da doguwar shari'a ba.

Zagaye na gaba

Tarihin ƙarin albashi a ƙasar nan kusan duk a bakin wuta aka rubuta shi. Yajin aikin gama-gari na 1945 kan alawus ɗin tsadar rayuwa, na 1964 kan rahoton Morgan, na Mayun 1981 da Hassan Sunmonu ya jagoranta har gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar naira 125: duk sai da ma'aikata suka ajiye kayan aiki. Na Udoji, wanda dattawa ke tunawa da kekuna da rediyoyin da aka saya da ariyas ɗinsa a 1975, kasuwa ce ta haɗiye shi cikin ɗan lokaci. Daga 125 an zo 5,500 a 2000, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024.

Bisa sabon wa'adin shekara uku, sake dubawa na gaba zai faɗo ne a 2027, shekarar babban zaɓe. Hakan na iya ƙara wa ƙwadago ƙarfi, domin babu mai neman ƙuri'a da ke son ganin an kashe wutar ƙasa. Yana kuma iya haifar da adadi mai daɗin faɗa a filin kamfe wanda gwamnoni masu barin gado za su bar wa magadansu. Dokar 2024 ba ta ɗaure albashin da hauhawar farashi ba, ba ta kuma sa wa daidaita sauran matakai wa'adi ba. Idan aka sake ƙaddamar da kwamiti saura wata uku wa'adi ya cika, kamar yadda aka yi a Janairun 2024, waɗannan batutuwa biyu za su sake jira har sai an gama faɗa kan adadi.